Tarihin Sharuɗɗan Zaman Baƙo a Ƙasar Kano: Nazari Daga Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin wata tambaya wadda kowace al'umma takan yi wa mutumin da ya zo mata daga nesa ya ce zai daɗe, watau da izinin wa zai zauna, kuma har zuwa yaushe. A yau amsar tana cikin fasfo da biza da katin zama. Amma waɗannan takardu jiya-jiya suka zo ƙasar Hausa in an gwada su da baƙunci, wanda ya girme su da ƙarnuka masu yawa. Saboda haka ya kamata mu san abin da ake bi kafin zuwansu, da yadda suka shigo, da abin da suka sauya.

Mun zaɓi mu dubi al'amarin daga Gwarzo da Kabo, a yammacin Jihar Kano, domin yawancin abin da aka rubuta a kan baƙi a Kano ya tsaya ne a birni da Fagge da Sabon Gari. Gwarzo tana kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta bi ta Dayi ta shiga Jihar Katsina, Kabo kuwa maƙwabciyarta ce. Babu iyakar ƙasa a cikinsu, hasali ma tun da aka cire Jigawa a 1991 Jihar Kano duka ba ta da iyaka da wata ƙasar waje. Duk da haka mutanen wannan yanki sun san dokar zama ta fuska biyu. Suna saukar da 'yan Nijar masu zuwa ci-rani da kiwo da karatu, su ma kuma 'ya'yansu suna zaune a Gana da Sudan da Saudiyya.

Abin da takardar take son ta nuna shi ne, a tsarin gargajiya daɗewa hujja ce ga baƙo, kowace damina da ya yi tana ƙara masa haƙƙi. A tsarin takarda kuwa daɗewa ba tare da sabunta izini ba laifi ce, kuma laifin yana ƙara girma da yawan shekaru. Wannan juyi shi ne tushen yawancin wahalar da talakawanmu suka sha a ƙasashen wasu, da wadda talakawan wasu suka sha a ƙasarmu.

2.0 Baƙo a Tsarin Gargajiya

Hausa ta rarrabe baƙi tun da daɗewa. Akwai falke mai wucewa da ayari, akwai ɗan ci-rani wanda zai koma gida da faɗuwar ruwa, akwai almajiri mai bin malami, akwai kuma wanda ya taso da iyali yana neman wurin zama. Karin maganar da ke cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, tana magana ne a kan masu wucewa. Shi na ƙarshen nan, mai neman zama, shi ne ya fi shafar wannan nazari.

Shari'a ma ta yi nata rabon. A mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya daina ƙasaru, ya koma cika salla kamar mazauni. A nan niyyar mutum ce ke mai da shi mazauni. Kalmar iƙama da malamai ke amfani da ita a wannan babi ita ce dai kalmar da a yau ta zama sunan katin zama a Saudiyya. Ga wanda ba Musulmi ba kuwa, in ya zo daga wata ƙasa, fiƙihu ya tanadi amana, watau alkawarin tsare ransa da dukiyarsa, kuma wasu malamai sun sa mata wa'adin da bai wuce shekara ba. Wannan ita ce ta fi kusa da abin da muke kira biza. Turawa masu yawon buɗe ido sun ɗanɗana ta. Da Clapperton ya zo Kano a 1824 sai da ya sauka ta hannun wakilin Shehun Barno, a zuwansa na biyu kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya hana shi wucewa Barno saboda yaƙin da ake yi, har ya rasu a Sakkwato a 1827. Barth ma sai da Sarkin Katsina ya tsare shi kwanaki a farkon 1851 kafin ya bar shi ya wuce Kano.

Ga baƙo Musulmi ɗan kasuwa, sharaɗin zama shi ne mai masauki. Fatoma shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi, in kuma ya yi laifi fatoman za a fara tambaya. Sunayen unguwannin birnin Kano shaida ne a kan inda wannan tsari yake kai mutum. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Daga baya ga Dandalin Turawa na Larabawan Gadamas da Tarabulus, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa. Jikokin mutanen waɗannan unguwanni Kanawa ne a yau, ba mai tambayarsu takarda.

A karkara irin ta Gwarzo da Kabo hanyar ta fi haka sauƙi. Mai neman zama yakan sami wanda ya san shi, a kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, dagaci ya nuna masa fili ya sare ya yi gona da gida. In ya biya kuɗin ƙasa, ya fito aikin gayya da gyaran ganuwa, ya halarci suna da jana'iza, to ya shiga lissafi. Akwai dalilin wannan sauƙi. A ƙarni na 19 yammacin ƙasar Kano bakin daga ne, mahara daga Maraɗi suna kawo farmaki, saboda haka garuruwa irin su Gwarzo da Getso da Godiya da Ƙaraye mutane suke nema. Ƙasa tana da yawa, hannu ne ya yi ƙaranci, darajar dagaci kuwa tana ga yawan talakawansa. Ta haka ne Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga Azbin ne, suka zauna a karkarar Kano da Katsina har suka zama manyan fataken goro, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, daga cikin Agalawa ya fito.

Kada a ɗauka wannan tsari ba shi da aibi. Dubban mutane an kawo su ne a matsayin bayi, ba da son ransu ba. Izinin sarki kuma magana ce ta baki, wanda ya ba da ita yana iya janye ta ya kori mutum daga ƙasarsa. Asali ma ba a manta shi wajen aure da sarauta. Abin lura dai shi ne ƙofar zama ɗan gari a buɗe take, kuma lokaci ne mabuɗinta.

3.0 Abin da Turawa Suka Kawo

Turawan Ingila sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka zo da abubuwa uku da suka shafi baƙo: iyaka, da unguwar baƙi ta doka, da rasiɗin haraji.

Iyakar Nijeriya da Nijar ta samo asali daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890 da 1898 da 1904 da 1906, aka kuma kafa alamunta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Daga nan Bamaraɗe, wanda kakanninsa daga Katsina suka fita bayan jihadi, ya zama talakan Faransa, ɗan'uwansa na Jibiya ya zama talakan Ingila. Amma layin bai hana tafiya ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da aikin tilas wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946, da kamun soja, duk sun koro mutane kudu. Dagatai kuwa sun karɓe su yadda suka saba, su Turawan ma ba su ƙi ba, tun da ƙarin mutum ƙarin haraji ne.

A birni ne aka fara raba mazauni bisa ga asali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas, watau Gana ta yau. Dokar garuruwa ta 1917 ta tabbatar da wannan rabo. Kwara, watau mutanen Lebanon da Siriya, aka ware musu nasu wuri, unguwar Turawa kuma aka sa tazarar yadi 440 tsakaninta da ta 'yan ƙasa. Sai a 1940 aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e ta Kano. Bambancin Sabon Gari da Ayagi a nan yake. Ayagi unguwa ce ta cikin ganuwa wadda baƙi suka narke a cikinta, Sabon Gari kuwa an yi ta ne domin mazauninta ya ci gaba da zama baƙo ko da a nan aka haife shi.

A ƙauye kuwa, takardar farko da talaka ya sani ita ce rasiɗin haraji. Wanda aka rubuta sunansa a littafin dagaci ya zama mutumin garin a idon hukuma, kuma ɗan ci-rani yakan tafi da rasiɗinsa domin kada a sake karɓa a inda ya je. Wannan rasiɗi ya yi aikin katin shaida shekaru da dama, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Sokewar ta sauke wa talaka nauyi, amma ta kuma kawo ƙarshen ƙidayar shekara-shekara wadda a cikinta ake ganin ranar da baƙo ya shiga gari.

4.0 Mutanenmu a Ƙasashen Wasu

Bahaushe ya ɗauki tsarin da ya sani ya tafi da shi duk inda ya je: ya nemi zango, ya nemi mai gida, ya gaida sarkin zango, ya bar wa lokaci sauran aikin. Misalai uku za su nuna yadda wannan tsari ya yi karo da dokar ƙasashe masu 'yanci.

Na farko Sudan. Hanyar aikin hajji ta ƙasa takan ci shekaru, alhaji yana tafe yana noma yana neman guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu suka kafa garin Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, 'yan Afirka ta Yamma suka zama ƙashin bayan leburancinsu. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da ta 1957 bayan 'yanci, ta ɗora sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira Fallata ko Takari bayan wannan shekara suka zo, sai suka zama baƙi a ƙasar da aka haifi 'ya'yansu. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna yadda jikokinsu suka ci gaba da kiran kansu mahajjata masu kan hanya.

Na biyu Gana. Cinikin goro na Gwanja ya kafa zangon Hausawa a Salaga, daga baya a Kumasi da Ankara. Ƙidayar Gana ta 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin ɗari na mazauna ƙasar asalinsu daga waje ne. Alamar farko ta bayyana a 1957, shekarar 'yanci, lokacin da gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan zangon Kumasi kuma 'yan adawa, zuwa Nijeriya. Sun kai ƙara cewa su 'yan Gana ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu domin ta datse shari'ar. A 1963 aka yi dokar baƙi mai neman izinin zama, amma ba a matsa a kanta ba, mutanen zango kuwa ba su ga dalilin neman takarda a garin da suka tsufa ba. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya samu ko ya fita. Dubun dubatar mutane suka fita, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, suka karyar da gidaje da rumfuna. A cikinsu akwai waɗanda suka iso ƙasar Kano suna cigiyar ƙauyen kakansu da sunan da suka ji a bakin tsofaffi.

Na uku Saudiyya, wadda ita ce ta fi shafar mutanen Kano a yanzu. Bizar hajji da ta umra ta ziyara ce mai wa'adi, ba ta ba da izinin aiki ko zama. Mai son daɗewa sai ya sami iƙama, ita kuwa bisa al'ada tana rataye ne a wuyan kafili, watau ɗan ƙasa ko kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Wanda ya shiga da umra ya ƙi fita shi ne a Kano ake ce wa ya yi takari, kuma 'ya'yan da ya haifa a can ba sa zama 'yan ƙasa don an haife su a can. A 2013 hukuma ta ba da wa'adin gyara takardu wanda ya ƙare a farkon Nuwamba, sa'an nan kame ya biyo baya, aka sake irin wannan a 2017. Gyaran da aka yi wa tsarin kafili a Maris 2021 ya sauƙaƙa wa wasu ma'aikata sauya wurin aiki, amma bai haɗa da masu aikin gida ba, su kuwa su ne da yawa daga cikin matanmu da ke can.

A duka misalan uku abu guda ne ya faru. Mutum ya zauna shekara ashirin ko talatin yana ganin zamansa ya yi ƙarfi, alhali a littafin hukuma zaman nasa ba shi da tushe tun ranar da wa'adinsa ya cika.

5.0 Nijeriya a Matsayin Mai Masauki

Abin da aka yi mana mu ma mun yi wa wasu. Sashen shige da fice an cire shi daga 'yan sanda a 1958, Dokar Shige da Fice ta 1963 kuma ta ba shi cikakken iko. A ƙarƙashinta baƙon da zai yi aiki sai da izini, kamfanin da zai kawo shi kuma sai ya sami gurbin ma'aikatan waje daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. An yi dokar ne da tunanin Bature da Bakware da Ba'indiye masu sauka a filin jirgin sama. Buzun da fari na 1973 zuwa 1974 ya kashe wa dabbobi, ya gangaro Kano yana gadi, bai san da ita ba, ita ma ba ta neme shi ba.

An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko ran 28 ga Mayu 1975. Yarjejeniyarta ta Dakar ta 29 ga Mayu 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da ta lafiya. Wanda zai wuce haka sai ya nemi ƙari. Matakin haƙƙin zama sai a 1986 aka sa masa hannu, na kafa sana'a kuma a 1990. Jama'a sun ji rabin farko na maganar, watau an soke biza, ba su ji rabi na biyu ba, watau kwana 90.

Abubuwa biyu da suka faru a 1980 sun nuna inda aka dosa. A Janairu gwamnatin tarayya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, ta kai shi Chadi bisa zargin cewa mahaifinsa mutumin can ne. Babbar kotun Maiduguri ta yanke cewa ɗan Nijeriya ne, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. A Disamba kuma rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano, inda ƙidayar hukuma ta ce mutum 4,177 suka mutu. Shi Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne, kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya taɓa korarsa a 1962, daga baya ya dawo. Daga wannan lokaci aka riƙa haɗa maganar baƙi da maganar tsaro.

Da kuɗin man fetur ya faɗi, ran 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, daidai wa'adin da Busia ya bayar. An ƙiyasta kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Chadi da Togo da Benin da Kamaru. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Afrilu 1984, ta sake wata korar a 1985, ba a buɗe iyakar ba sai Maris 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari.

A yanki irin na Gwarzo da Kabo wannan doka tana da wuyar zartarwa. Mutumin Tasawa ko Madarumfa da ya zo kasuwar Getso harshensa Hausa ne, addininsa da suturarsa da sunansa duk irin na mutanen garin ne, wataƙila ma yana da ƙanwa da ke aure a nan. Jami'in da ya zo daga birni ba shi da hanyar gane shi sai ya tambayi mai unguwa, shi kuwa mai unguwa da ma'aunin gargajiya yake aunawa: shekara nawa ya yi, wa ya tsaya masa, yaya halinsa. Wannan ya kāre mutane da yawa, amma kāriya ce ta mutunci, ba ta da ƙarfi a gaban kotu ko a shingen kan hanya.

6.0 Abin da Ya Rage Daga Tsarin Da

Dokar 1963 an maye gurbinta da Dokar Shige da Fice ta 2015. Baƙon da ba ɗan ECOWAS ba, in zai daɗe, yana shigowa da bizar da ta dace, sa'an nan ya nemi katin zama na CERPAC, wanda aka fara bayarwa a 2002, ya riƙa sabunta shi. Ɗan ECOWAS kuwa yana da nasa katin zaman. A Yulin 2019 aka fara rajistar baƙi ta kwamfuta ga duk wanda zai wuce kwana 90.

In aka duba da kyau za a ga mai masauki bai mutu ba. Kamfanin da ya kawo ma'aikaci sai ya rubuta cewa ya ɗauki alhakinsa a gaban hukumar shige da fice, wannan kuwa aikin fatoma ne aka sa a takarda. Kafili na Saudiyya ma haka ne, sai dai ikonsa ya fi na fatoma nesa, domin baƙon da ya saɓa da fatomansa a da yana iya kwashe kayansa ya koma gidan wani. Ko sashe na 27 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya sa sharaɗin zaman shekara 15 ga mai neman zama ɗan Nijeriya, ya ƙara da cewa sai gwamnan jiha ya gamsu jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu. Wannan ma'aunin dagaci ne. Bambancin shi ne neman yana bi ta Abuja da kuɗi da lauya, abin da manomin da ya zo daga Maraɗi shekara arba'in da suka wuce ba zai iya ba.

Haka kuma mutumin Gwarzo ko Kabo da ke neman fasfo yakan fara da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ita kuwa ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi take bi. Ashe dai a ƙarƙashin fasfo mai ɗauke da hoton yatsa akwai shaidar baki ta mai unguwa. A nan ne tsarin biyu suke haɗuwa, a nan ne kuma jikan baƙo yake sanin matsayinsa. Tsarin Mulki ya ɗora zama ɗan ƙasa ta haihuwa a kan iyaye da kakanni, saboda haka haihuwa a garin kaɗai ba ta wadatar ba.

Maganar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanen ƙasashen uku, a bar su su shiga su zauna har sai an ba da wata sanarwa. Ma'anar wannan ita ce zaman ɗan Nijar a Getso ko Garo, wanda tun 1979 yake da madogara a yarjejeniya, ya koma ya dogara ga sanarwar da ake iya janyewa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa a tsarin gargajiya baƙo yana shiga ta hannun mutum, lokaci kuma ya mai da shi ɗan gari. Turawa suka kawo iyaka da rabon unguwa da rasiɗi. Ƙasashe masu 'yanci suka ɗora zama a kan takarda mai wa'adi, suka ɗora zama ɗan ƙasa a kan asalin kakanni da wata shekara da aka yanke. Shekarun 1969 da 1983 da 1985 da 2013 sun nuna cewa dokar zama takan yi barci lokacin wadata, ta farka lokacin tsanani, kuma wanda ya fi daɗewa shi ya fi yin asara.

Daga wannan akwai shawarwari uku. Malamai da masu wa'azi da kafofin watsa labarai na Hausa su riƙa bayyana wa masu niyyar tafiya bambancin izinin shiga da izinin zama, domin yawancin masu faɗawa cikin wahala a nan suke ruɗewa. Hukumomi su sauƙaƙa wa baƙin karkara da suka daɗe hanyar yin rajista a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karɓi shaidar dagaci a rubuce a matsayin hujja, a kuma yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa. Masu nazarin tarihi kuwa su koma ga rahotannin kimanta haraji na gundumomi da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano, su haɗa su da abin da dagatai da masu unguwanni na Gwarzo da Kabo suka riƙe a ka game da zuwan kowane gida, tun tsofaffin da suka ga zamanin haraji suna raye.